Tsohon gida mai araha a Wudil: Shekara nawa aka saya?

Tun da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote ta cika Wudil da ɗalibai, tsofaffin gidaje suka yi daraja. Masu ɗan jari, har daga ƙauyuka irin su Achika, kan karɓi gidan da rufinsa ke yoyo bisa yarjejeniyar 'yan shekaru, su gyara, su zuba 'yan haya.

Arahar ce ke ruɗin mutane. Wanda ya karɓi gida na shekara 10 bai sayi ƙasa ba, lokaci ya saya. Kwano, siminti, masai da wayar lantarki duk daga aljihunsa za su fito, kuma ranar da wa'adi ya cika gyaran ya zama na mai gida, sai in an rubuta akasin haka. Idan gyara ya cinye hayar shekara 4, saura 6 ke nan, ban da watannin hutu da yajin aikin malamai, lokacin da ɗakuna ke zama wayam.

Shi kansa mai gidan yana da iyaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Takardar mallaka ta gwamnati yawanci shekara 99 ce, kuma miƙa ta ga wani sai da amincewar gwamna. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izini.

Duk da haka, cinikin yakan tsaya ne kan shaidar dillali da mai unguwa. Rigima takan tashi in mai gida ya rasu, magada suka zo rabon gado suka tarar da baƙo ya zuba miliyoyi a gidan ubansu, babu takardar lauya.