Sayen ordinatar ta tebur: abin dubawa a kart mer kafin a biya kuɗi

A garuruwa irin su Dogo, da ke gundumar Mirya a kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, ordinatar ta tebur abin neman abinci ce. Da ita ake buga takardar neman aiki, da jarrabawar ƴan lakwal, da katin gayyatar biki. Mai irin wannan shago kan zuba jarinsa kaf a kanta, kuma galibi ta hannu yake saye, wadda ta gama aiki a wani ofis na Turai ko Amurka kafin ta iso shagunan Damagaram ko na Kano. In ta ba da matsala, gyara sai a birni, ga kuɗin mota, ga yinin aiki ya tafi.

Akwai maganar da masu sayarwa ke yawan yi: "hotonta a haɗe yake da kart mer." Kart mer shi ne babban farantin da ke cikin akwatin, wanda duk sauran kaya ke manne a jikinsa. Abin da suke nufi shi ne na'urar ba ta bukatar wani katin hoto na daban kafin ta nuna rubutu da bidiyo a allo. To, amma maganar ta tsufa, kuma rashin sanin haka na jawo asara.

A zamanin Core 2 Duo, wajen 2007 da 2008, gaskiya ne sashen da ke zana hoto yana jikin farantin, cikin guntayen Intel irin su G31 da G41. Daga 2010 kamfanin ya fara mayar da shi cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, AMD ma ya bi sahu a 2011. Abin da ya rage a farantin yanzu shi ne kafofin da ake soka wayar allo kawai. Kafar tana iya kasancewa a bayan akwati, sabuwa fil, amma in furosesar da ke ciki ba ta da sashen hoto, allo zai tsaya baƙi ƙirin. Gane su ba wuya: a Intel, duk wadda lambarta ta ƙare da harafin F, kamar i5-9400F, ba ta da shi. A AMD kuwa, cikin jerin Ryzen daga 1000 zuwa 5000, sai mai G a ƙarshe, kamar 5600G, ke ba da hoto. Wannan ya fi shafar wanda ke sayen faranti daban, furosesa daban, ya kai wa mai gyara ya haɗa. Irin wannan kuskure ne ke sa a ce faranti ya mutu alhali lafiyarsa lau.

Shin hoton da ke haɗe ya isa? Ga mai buga takardu, da lissafin shago, da kallon bidiyo, da gyaran hoton katin shaida, ya isa har da saura. Wanda ke haɗa bidiyon biki mai nauyi ko manyan wasannin zamani ne kaɗai zai ji ya gaza. A ganina ma, a yankinmu rashin katin hoto na daban riba ce, saboda kuran. Yawancin furosesar ofis an ƙera su ne a kan wat 65, masu harafin T a ƙarshe kuma wat 35, alhali katin hoto guda kamar GTX 1060 yana jan kimanin wat 120 shi kaɗai. Mutanen Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Wanda ke aiki da sola da batir, ko da ƙaramin gurup, ya san kowane wat kuɗi ne. Ƙarin kati kuma ƙarin zafi ne, da ƙarin fanka mai zuƙo ƙurar hunturu, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40.

Sai dai hoton da ke haɗe ba shi da rumbun kansa, daga ram ɗin na'urar yake ara. Saboda haka giga 4 kan yi kaɗan, a nemi 8. Kuma sanda biyu masu giga 4 sun fi sanda ɗaya mai giga 8 saurin hoto, domin hanya biyu ake bi maimakon ɗaya. A ƙirga ramukan ram da ke farantin, a kuma tambayi irinsa, don DDR3 ba ya shiga ramin DDR4.

Ka sa a buɗe akwatin a gabanka. Mai kaya nagari ba ya ƙin haka. Dubi ƙananan gwangwanayen da ke tsaye kewaye da furosesa. Samansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga ɗaya ya kumbura, ko ya fitar da abu kamar tsatsa, farantin ya kama hanyar mutuwa ko da yau yana kunnawa. Sansana ma, ƙauri ba ya ɓuya. In na'urar na manta kwanan wata duk sanda aka kashe ta, wannan ƙaramin abu ne, ɗan pil mai kama da kwabo ne ya ƙare, CR2032, kada a tsorata ka da shi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: akwatunan ofis na HP, Dell da Lenovo suna da ƙarko, amma da yawansu faranti da akwatin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman. Ranar da kuran ya ƙona ɗaya, na gama-gari da ke kasuwa ba zai shiga ba, sai an nemo irinsa sak. Kuɗin regilatar ko ondilar ya fi wannan yawo sauƙi.

Batun shekaru kuma, lambar farko bayan i3 ko i5 ita ce zuriya: i5-4570 ta huɗu ce, i5-8500 ta takwas. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zuriya ta takwas yake farawa. Tsohuwar ba za ta daina aiki ba, kuma ga buga takarda tana nan daram. Amma wanda zai riƙa shiga intanet da bayanan mutane, ko aika kuɗi, ya ƙara ya sayi ta takwas.

Kada ka baro shagon ba ka gwada da irin allon da kake da shi a gida ba. Tsofaffin allo suna da kafar VGA, mai shuɗin kai da fil 15, alhali akwatunan ofis da yawa DisplayPort gare su, wadda ta yi kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. In ba su dace ba, a haɗa maka da wayar juyi cikin ciniki. Sannan a kunna bidiyo a bar shi kamar rabin awa, akwati a rufe, ka zauna ka ga ko hoton zai yi layi-layi ko na'urar za ta mutu da kanta in ta ɗauki zafi.