Wa Ke Da Makarantar Garinmu?

'Yan'uwana mata, in aka tambayi matar aure a Gozaki ko wani gari na ƙasar Kafur wa ke da makarantar firamare, sai ta ce ta gwamnati ce. Haka kakanninmu suka riƙa cewa ta En'e ce, zamanin da ake bi gida gida ana kamen yara. To, wannan magana ta tsufa.

A 2004 aka yi dokar ba kowane yaro ilmi kyauta tun daga firamare har ƙaramar sakandare. Ba a daɗe ba Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta ce kowace makaranta ta sami kwamitin mutanen gari mai duba al'amuranta. A ciki akwai hedimasta, da wakilin malamai, da na mai gari, da na malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai. Abin da ya shafe mu kuwa, an keɓe wa mata kujeru, har da yarinya ɗaya daga cikin 'yan makaranta.

Kada ku zaci kwamitin gaisuwa ne. Su ke tsara abin da makaranta ke bukata, su lura ko malamai suna zuwa, su bi sawun yaran da suka daina zuwa. Kuɗi ma yakan bi ta hannunsu. Jihar Katsina ta kasance cikin shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Ingila, wanda zangonsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022. A lokacin an zuba wa kwamitoci da dama kuɗi cikin asusunsu, aka kuma kafa ƙungiyoyin iyaye mata. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020, shi ma ta hannun kwamitocin ya aika da kuɗin gyaran sakandare.

Yanzu a ce kuɗin ya iso, maza kaɗai suka zauna. Za su ce a yi fenti, a gyara ofis, a sayi ƙofa. Ba laifi. Amma wa ya san abin da ya sa yarinya 'yar shekara 13 takan yi fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata? Uwarta. Ita ta san makarantar ba ta da bayan gida na mata mai ƙyaure, ba ta kuma da ruwa. Ita ta san da kaka, in an shiga karyar masara da cirar auduga, wace yarinya ce za a ɗora wa tallan tuwo zuwa gona, domin ita ce ke ɗora mata. Wannan zance kuwa ba ya fita a gaban maza, balle a gaban mai gari.

Nan ne gizo ke saƙa. A wurare da yawa sunan mace yana kan takarda kurum. A sa taro lokacin da tukunya ke kan murhu, ko a kira ta ta zauna can baya, lulluɓe, a gama ba ta ce uffan ba. A ganina wannan ya fi rashin kujerar muni, gama an riga an ce da mu aka yi.

Dabarar da na fi so ita ce mata su fara zama su kaɗai, ko bayan an tashi daga Islamiyya, su tsai da magana biyu ko uku, sa'an nan su zaɓi mai kai ta. Kada a zaɓa don arzikin miji. A nemi ungozoma, wadda ba gidan da ba ta shiga, ko uwar adashi, wadda ba a yi mata wasa da lissafi. Ke kuma 'yar makaranta, in kunya ta hana ki buɗe baki gaban manya, rubuta bukatar 'yan ajinku a takarda, ki ba wakiliyar mata ta karanta.

Wadda ba ta fita, sai ta aiki ɗanta wurin hedimasta da gaisuwa, ya tambayo mata sunayen matan da ke cikin kwamiti, da ranar zama na gaba, da ko nawa ne ya shigo asusu bana.