DAWA TSAKANIN TUKUNYA DA INJI: ZAGAYE DAGA TUDUN WADA ZUWA KAKURI

Duk wanda ya tashi daga Tudun Wada ta Kaduna ya nufi kudu, ya haye gadar kogi, ya wuce tashar jirgin ƙasa, ba zai daɗe ba sai ya iske kansa a Kakuri, unguwar masana'antu. Tafiyar ba ta da nisa, unguwannin biyu ma duk suna cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Amma malamin makarantar da ya yi ta da lura zai komo da darasin da ya isa ya cika mako guda a aji. Darasin kuwa na dawa ne, watau hatsin nan da muke tuƙa tuwo da shi kullum, har muna zaton mun gama saninsa.

ASALIN GIDAN

Cikin tsofaffin gine-ginen Kakuri akwai gidan yin giya na kamfanin Nigerian Breweries. An kafa kamfanin nan a Ikko cikin 1946, kwalbarsa ta farko mai suna Star ta fito cikin 1949. Sa'an nan ya buɗe gida na biyu a Aba cikin 1957, na uku kuwa shi ne wannan na Kaduna, cikin 1963.

Mai karatu zai ce, me ya kawo gidan giya ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, addininsu ya haramta musu ita? Ko Turawan mulki ma, bisa ga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasal cikin 1890, sun hana a sayar wa 'yan ƙasa barasa a Arewa. Amsar ita ce Kaduna gari ne na tattara. Tun da aka ɗauke hedkwata daga Zungeru aka kawo ta nan cikin 1917, sai soja da ma'aikatan reluwe da akawuna daga Kudu suka cika ta, ga kuma Gwarawa da aka tarar a ƙasar, da sauran ƙabilun kudancin Lardin Zazzau. Ga ruwan kogi, ga hanyar jirgi. Abin da mai masana'anta ke nema ke nan.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, babu mai bukatar in maimaita masa. Abin da za mu duba shi ne aikin da ake yi wa ƙwayar hatsi a irin wannan gida, domin aikin nan shi ne tushen abubuwa da yawa na halal da muke ci muke sha.

YADDA AKE SARRAFA ƘWAYA

Baƙon da aka zaga da shi irin wannan ma'aikata zai ga aikin hawa-hawa ne. Da fari akan jiƙa hatsi har ya sha ruwa, sa'an nan a shimfiɗa shi wuri mai laima kwana huɗu ko biyar har ya tsira. Cikin kwanakin nan ƙwayar takan fitar da wani sinadari mai narkar da sitacin cikinta ya zama sukari, domin ta ciyar da ɗan tsiron. Kafin tsiron ya cinye sukarin sai a busar da hatsin da iska mai zafi, a murje saiwoyin. Wannan shi ake kira tsiro.

Daga nan sai a niƙa, a dama da ruwan ɗumi cikin manyan tukwanen ƙarfe, a bar shi har sauran sitacin ya narke, a tace. Abin da ya fito ruwa ne mai zaƙi, babu maye cikinsa ko kaɗan. Dusar da ta rage kuwa abincin shanu ce mai kyau.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. In aka tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci da ake kawowa daga ƙasashen waje, aka zuba masa yis, sai yis ɗin ya cinye sukarin ya mai da shi abin sa maye. Giya ke nan. In kuwa ba a sa yis ba, aka ƙara masa launi da zaƙi aka rufe a kwalba, sai ya zama lemon tsiro irin Maltina, wanda kamfanin ya fara fitarwa cikin 1976, ake kuma raba shi yau wajen biki da suna. Daga ƙarshe akan ɗumama kwalaben domin a kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha, dabarar da aka samo daga wani masani na Faransa, Louis Pasteur.

SHEKARAR DA DAWA TA SHIGA INJI

Shekara ashirin da biyar na farko, tsiron da gidan Kakuri ke aiki da shi na sha'ir ne, ana kawo shi daga Turai. Da kuɗin ƙasashen waje ya yi wa Nijeriya ƙaranci, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga farkon 1988. Tilas kamfanoni suka juyo ga dawa da masara.

Abin bai zo da sauƙi ba. Sitacin sha'ir yakan nuna da zafin wajen digiri 60, na dawa kuwa sai an kai wajen 70, zafin nan kuma yana raunana sinadarin da ake so ya yi aikin. Har wa yau sha'ir yana da ɓawon da ke taimakawa wajen tata, dawa ba ta da irinsa. Aka sake injuna, aka nemi taimakon masana, musamman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da ire-iren dawa masu kyaun tsiro, kamar gajeriyar kaura mai lamba SK5912. Ɗaya daga cikin dabarun da aka dogara a kai ita ce a ware ruwan da ke ɗauke da sinadarin, a dafa sauran ƙullun dabam, in ya ɗan huce a haɗa su.

Abin mamaki, dabarar nan tsohuwa ce a ƙasarmu. Matan da ke dafa burukutu a ƙauyukan da ke kewaye da Kaduna sun daɗe suna tsirar da dawa suna sarrafa ta cikin manyan tukwane. Mai kunun zaƙi ma ta san ta. Ko da aka sassauta dokar daga baya, dawa ba ta fita daga injin ba, har kamfanin yana da ma'aikatar tsirar da ita a Aba, da wata a Kudenda ta nan Kaduna.

KOMOWA TUDUN WADA

In matafiyi ya sake haye gada ya komo Tudun Wada da yunwa, ba zai rasa abin taɓawa ba. Da safe akwai koko da ƙosai, da waina da miyar taushe. Da rana akwai tuwon shinkafa ko na dawa da miyar kuka, da dambu, da fura da nono a gefen Kasuwar Barci. In magariba ta yi sai masu tsire da balangu su hura wuta. Tukwanen da ake dafa yawancin abincin nan kuwa irin waɗanda maƙeran Panteka ke zubawa ne da narkakken alminiyam.

Sai dai a lura da mai kunun zaƙi. Takan jiƙa gero ko dawa, ta markaɗa da citta da kanumfari da barkono, ta raba ƙullun kashi biyu. Babban kashi ta zuba masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin ta bar shi ɗanye, haɗe da tsiron shinkafa ko busasshen dankali. In na farko ya ɗan huce sai ta haɗa su ta rufe ya kwana. Da safe ga kunu ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Ashe abin da injiniya ke yi da ma'aunin zafi, shi take yi da tafin hannunta. Ta kuma san in kunu ya yi kwanaki yakan juya, saboda haka take yin daidai na cinikin yini. Mai waina ma da take barin ƙullu ya kwana ya tashi, da yis take aiki.

ABIN DA YA KAMATA MU YI TUNANI A KAI

Kakuri ta yau ba ta kai ta jiya ba. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe cikin 1957, zamanin Sardauna, ta rufe cikin 2002. Cikin 2024 kamfanin giyar nan ya ba da sanarwar dakatar da aiki a biyu daga cikin gidajensa tara, saboda faɗuwar darajar naira da tsadar kaya, ɗayansu kuwa na Kakuri ne. Duk sa'ad da aka rufe ƙofar ma'aikata, mai tuwo da mai shayi da ke bakin ƙofar su ma sun rasa ciniki. Amma ilmin tsiro ba a rufe shi da kwaɗo, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu noman dawa na duniya, takan girbe fiye da tan miliyan 6 a yawancin shekarun nan.

Saboda haka ina roƙon malamai 'yan'uwana su kai ilmin nan aji. Kayan aikin ba su wuce dawa cikin tafi ɗaya da jiƙaƙƙen buhu ba. Yara su tsirar da ita, su shanya, su murje tsiron sarai su zubar, domin ɗanyen tsiron dawa yana da dafi, shi ya sa makiyayi ba ya barin shanunsa su ci gyauro. Sa'an nan a niƙa, a barbaɗa garin kaɗan cikin kunu mai kauri da ɗuminsa, a ga yadda zai tsinke ba a ƙara ruwa ba. 'Yan mata za su amfana da wannan nan gaba, gama kunun yaye da aka tsinka ta haka, aka sake tafasa shi, ya fi wanda aka cika wa ruwa riƙe cikin yaro.

Ma'aikatan hukuma kuma da ke hulɗa da manoma su riƙa faɗakar da su. Masana'anta ba ta karɓar dawa mai laima ko fumfuna ko tsakuwa, kuma manoman da suka haɗa kai cikin jam'iyyar gama kai sun fi mai buhu ɗaya ƙarfin ciniki. Kada kuma kyaun farashi ya ruɗi magidanci ya kwashe rumbu tun kaka, ya koma awo da tsada da bazara. Da ma Hausawa sun ce, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Allah ya albarkaci damunarmu, ya kuma ba mu ikon amfani da abin da ya hore mana ta hanyar da ya yarda. Amin.