Hunturu: Yadda kara, laka da fitar hantsi ke raba yara da waya

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, tsarin gidajen da ke da ƙananan yara a Kano da sauran garuruwan Arewa kan sauya gaba ɗaya.

Wankan safe ya koma rigima, sai an ɗora ruwa a wuta. Rigunan sanyi da huluna da safa sun fito daga ƙasan akwati, ga kwalbar basilin ko man kaɗanya a bakin gado saboda kaushi da fashewar leɓe.

Ana cikin haka kuma makarantu su ba da hutun zangon farko a watan Disamba, yara su dawo su wuni a gida.

Uwa na tsoron barin su a tsakar gida kada su kwashi mura, ga girki da wanki na jiranta. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta tura su ɗaki, ta miƙa musu waya, su yi tsit.

Ta samu ta yi aikinta, amma yaron da ya shafe makonni a zaune yana kallon katun ya yi asarar guje-guje da ƙirƙire-ƙirƙiren da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata a wannan shekarun.

Hunturu bai hana yaro wasa. Abin da yake sauyawa shi ne lokacin wasan da wurin yin sa. Shi ne ma yake zuwa da kayan wasa mafi araha a shekara.

Abin da masana lafiya suka ce

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan motsa jiki da zama da barcin yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Hukumar ta ce kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin. Ga 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa, kallon kada ya wuce awa ɗaya a rana, idan bai kai haka ba ma ya fi.

Ta kuma ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kullum, wato awa uku, a rarrabe cikin wuni.

Ƙa'idar ba ta ware lokacin sanyi ba. Tambayar da ke gaban iyaye ita ce yadda za a cike waɗannan awanni ba tare da an jefa yaro cikin ƙura ba.

Ita wannan ƙura daga nesa take. Kaso mai yawa na tasowa ne daga Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da a can baya ruwan tafki ya mamaye kafin ya ƙafe. Iska mai ƙarfi ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin ƙasar, ta yo kudu maso yamma da shi.

Ƙurar na da laushi sosai, shi ya sa take shiga har cikin huhu, ta tayar da tari da asma, musamman ga ƙananan yara.

Kayan aikin na bayan gida

Hunturu na zuwa ne bayan kaka, lokacin da aka gama yankan dawa da gero, kara ya bushe ya yi yawa. Ko a birni ana samun sa wurin masu sayar da itace da masu kiwo.

Duk wanda ya tashi a Arewa kafin zuwan wayar hannu ya san abin da yara ke yi da shi. A ɓare bawon karan a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, sai a riƙa soka wannan cikin wancan.

Da haka ake haɗa motar kara da tabarau da keke da gado da kejin tsuntsu, babu ƙusa babu gam. Tayar motar kan fito daga tsohon silifas ko murfin kwalba.

Wanda ya iya ya san ba ƙaramin lissafi ke ciki ba. Idan ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, motar ba za ta tsaya daidai ba. Yaro zai auna, ya gwada, ya warware, ya sake, har ta yi.

Bawon kara na da kaifi, yana yanka yatsa. Don haka babba ne ya kamata ya yi ɓarewa da yanka, ya bar wa ƙananan aikin sokawa da haɗawa. Reza ba ta hannun ɗan shekara biyar ba ce.

Bayan kara akwai laka. Da yumɓu kaɗan da ruwa, yara na gina tukwane da turmi da murhu, kuma busasshiyar iskar hunturu na shanya su cikin ɗan lokaci. A yi kwaɓin da ruwa mai ɗumi, a shanya a inuwa don kada su tsattsage.

Tsofaffin kwalaye su zama gida ko shago. Ƙyallen da tela ya zubar ya zama kayan 'yar tsana.

Launi daga kicin

Ba dole sai an sayi fenti ba. Ruwan zoɓo mai kauri na ba da ja, gangamau na ba da rawaya, gawayi na ba da baƙi, lalle kuma ruwan ƙasa. Sitaci da aka dama ko ƙaro da aka jiƙa na maye gurbin gam.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da ƙaro da gawayi ake haɗa tawadar makarantar allo, alƙalamin kuma na kara ne. Zayyanar da ake yi wa allo lokacin sauka na cikin zane-zane mafi kyau da ake da su.

Ga iyayen da ke kauce wa zanen abu mai rai, abin zanawa bai ƙare ba. Akwai dagi, akwai zanen hula, akwai aska takwas ta babbar riga, ga adon bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya, ga kuma sassaƙar ƙwarya. Game da 'yar tsana kuwa, malamai da dama sun halatta ta ga yara, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha ta yi wasa da irinta.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga hannun yaro da sunan launi ba: ragowar fentin gini, baƙin garin cikin tsohon batir, da kwalli. Gwaje-gwaje sun sha gano gubar dalma a cikin kwallin gargajiya da wasu fentin gini, ita kuma tana lahanta ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce.

A bar shi ya yi da hannunsa

A makarantun firamare akwai darasin al'adu da fasaha, kuma malamai kan ba da aikin hannu a yi a gida. Abin da kan faru a gidaje da yawa shi ne Umma ko babbar yaya ta zauna cikin dare ta yi aikin, ko Abba ya biya kasuwa ya sayo mafici ko faifai a kai wa malami.

Yaro ya samu maki, amma bai koyi komai ba, sai dai ya gane cewa nasa bai isa a nuna ba.

Zanen ɗan shekara uku cakuɗi ne, haka kuma ya kamata ya kasance. Riƙe alƙalami da murza laka da yaga takarda su ne ke ƙarfafa yatsun da zai yi rubutu da su gobe.

Maimakon a gyara masa, a tambaye shi me ya zana. Amsar kan zama labari mai tsawo, kuma a nan bakinsa ke buɗewa.

A shimfiɗa tsohon buhu ko tabarma, a sa masa tsohuwar riga, sannan a liƙa abin da ya yi a bango inda kowa zai gani. Idan kaka na gidan, ita ce babbar malama, domin ta san ɗinkin faifai da kaɗi da saƙa, ga tatsuniya a bakinta.

Fita tsakanin hantsi da la'asar

A watan Janairu sanyin Kano kan sauko zuwa wajen digiri 13 da asuba, amma da rana zafi ya haura zuwa kusan 30. Ke nan daga hantsi zuwa la'asar akwai awanni masu daɗin fita, waɗanda ba a samun irinsu a zafin Afrilu.

Abin lura shi ne hazo. Ranar da aka tashi ba a hango ƙarshen layi, rana ce ta zaman gida da aikin kara. Ranar da gari ya washe kuwa, a fita.

A Kano akwai Gidan Zoo da aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako. Akwai Gidan Makama kusa da fadar Sarki, wanda tarihi ke dangantawa da Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne.

Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ga Dutsen Dala ga yaran da suka yi ƙwarin hawa matakala.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta fi dacewa da yaron da ke son launi. Zai ga yadda ake ƙulle farin yadi, a tsoma shi cikin ruwan baba, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsa. A riƙe hannun ƙanana sosai, domin ramukan na da zurfi.

Idan an dawo gida, ana iya gwada irin wannan da tsohon farin ƙyalle da zare da ruwan zoɓo.

Mazauna Katsina na da Hasumiyar Gobarau, na Daura na da Rijiyar Kusugu. Masu hali kan kai iyali Yankari a Jihar Bauchi, inda ruwan Wikki ke zama da ɗumi na kusan digiri 31 duk shekara.

Wanda ba shi da kuɗin mota ma yana da wurin zuwa: gidan kaka, lambun rani a bayan gari inda ake ban ruwan tumatir da albasa, ko wurin maƙeri da magina tukwane na unguwa.

A sa wa yaro riga kan riga yadda za a iya rage masa idan rana ta yi. A tafi da ruwan sha, domin iskar na busar da jiki ko ba a ji ƙishirwa ba. Mai asma ya tafi da maganinsa na shaƙa.

Masu sikila na buƙatar kulawa ta daban, saboda sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar musu da ciwo. A Nijeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan larura a kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Haɗarin da ke cikin ɗaki

Iyaye da yawa na ganin yaro ya tsira matuƙar yana ɗaki. Sai dai wasu daga cikin munanan haɗurran hunturu a can suke aukuwa.

Gawayin da ake kunnawa a kasko ko kurfoti don jin ɗumi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, tana iya kashe mutane cikin barci, kuma yara ne ta fi saurin kayarwa.

Ga ƙuna daga ruwan wanka da aka ajiye a ƙasa, ga hitar da aka manta a bokiti, ga gobara da ke yawaita a wannan lokaci saboda komai ya bushe. Kara da kwali da aka tara don wasa su ma makamashi ne, a ajiye su nesa da wuta.

Idan yaro na numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja iska, ko ya ƙi shan nono, ba mura ba ce ta zaman jira. Alamun ciwon huhu ne, a garzaya da shi asibiti.

Kafin tsakiyar Maris hazo zai ja baya, zafi ya kankama, fitar rana ta gagara. Iyalin da ke son cin moriyar waɗannan makonni ba sa buƙatar abin da ya wuce damin kara ɗaya, kofin zoɓo, da babba guda da zai ajiye tasa wayar ya zauna a tabarma tare da yaran.