DODO DA WAZIRI: ƘEƘASHEWAR ZUCIYA A LABARUN HAUSA DA WASANNIN TALABIJIN NA JAPAN

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Rurum, ko Rano, ko Kibiya a wannan zamani yana gamuwa da dodanni ta hanya biyu. Akwai dodon tatsuniya, wanda tsofaffi ke ba da labarinsa da dare bayan an ci tuwo, wanda kuma ba shi da wuyar kwatantawa ga wanda ya girma a gindin duwatsun Rurum. Akwai kuma dodon talabijin da na wayar hannu, mai rushe benaye da jelarsa. Da yawa daga cikin irin wannan na biyu asalinsu ƙasar Japan ne, ko da an sake musu riga a Amurka, kamar yadda aka yi da shirin Power Rangers a 1993.

Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa masu tsara labarun nan, na Hausa da na Japan, ba tare da sun san juna ba, sun dace a kan magana guda. Watau dodo mai ƙaho da haƙora ƙaramin abin tsoro ne idan aka gwada shi da mugun da ke zuwa da sallama da fara'a, alhali kuwa babu tausayi ko nadama a ransa. Sanin wannan bambanci yana da amfani ga ɗalibi da ma'aikacin hukuma, domin irin wannan mugu ba a tatsuniya kaɗai yake zaune ba.

Abin da likitoci suka gano

Tun a 1801 wani likitan Faransa, Philippe Pinel, ya lura da wasu mutane waɗanda hankalinsu lafiya lau yake, amma suna aikata ɓarna kamar mahaukata. A 1835 James Prichard na Ingila ya kira abin haukan ɗabi'a. Sunan soshiyofat, wanda Turawa ke yawan faɗa, George Partridge ne ya yayata shi a 1930. Amma wanda ya fi kowa fito da kamannin irin wannan mutum shi ne Hervey Cleckley na Amurka, a littafinsa na 1941, inda ya jera sifofinsa, ya kuma kwatanta mai halin da wanda ya rufe fuskarsa da mayafin lafiya. Daga baya Robert Hare na Kanada ya tsara ma'auni mai abubuwa 20, wanda aka buga a 1991, ake kuma amfani da shi a gidajen yari da kotuna.

Sifofin da suka fi fitowa su ne daɗin baki, da ƙarya ba tare da ɗar ba, da ɗaukar mutane tamkar kayan aiki, da rashin tunanin gobe, da ɗora wa wani laifi kullum, sa'an nan, uwa uba, rashin nadama. A Hausance ana iya tattara su duka a kira su ƙeƙashewar zuciya. Masana sun tafi a kan cewa gado da tarbiyya duk suna da hannu a ciki, musamman ƙuruciyar da aka yi cikin azaba ko rashin kulawa, kuma an fi samun halin ga maza.

Bahaushe bai jira likita ba kafin ya san wannan. A laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafta halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su, waɗanda suka haɗa da gaskiya, da amana, da kunya, da mutunci, da adalci. Duk wanda ya kifa wannan jeri, ya karanta kishiyar kowane hali, zai ga ya kusa isa ga jerin Cleckley.

Mugaye iri uku

Ana iya kasa mugayen labarun Hausa kashi uku. Na farko shi ne dodo tsantsa, wanda ɓarnarsa ɗabi'arsa ce. Misalinsa macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda labarin Bayajida ya ce ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, labarin da Rano ke cikinsa a matsayin ɗaya daga Hausa Bakwai. Macijin bai yaudari kowa ba. Kowa ya san inda yake, kuma takobi ɗaya ya raba shi da duniya. Takwaransa a Japan shi ne Godzilla, wanda kamfanin Toho ya fitar a 1954 a ƙarƙashin jagorancin Ishiro Honda. A labarin, gwajin bam ne ya tashe shi daga ƙarƙashin teku, shekara tara bayan abin da ya auku a Hiroshima da Nagasaki. Yana rushe birnin Tokyo kamar yadda ambaliya ke cin gari, ba da makirci ba.

Na biyu shi ne mai ramuwar gayya. A littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Abubakar ya zama mugu ne bayan attajiri Malam Shehu ya aure Zainab, wadda yake so, har ya tafi neman asirin da zai lalata ɗan da suka haifa. A shirin Ultraman, wanda kamfanin Eiji Tsuburaya ya fara nunawa a 1966, akwai dodo mai suna Jamila, wanda asalinsa mutum ne, ɗan sama jannati da ƙasarsa ta yi watsi da shi a sararin samaniya, ya rikiɗe, ya dawo ɗaukar fansa. Waɗannan biyu sun yi mugun aiki, amma zuciyarsu da rai, miki ne ya yi mata yawa. Shi ya sa mai karatu da mai kallo kan ji tausayinsu.

Na uku shi ne wanda ba yunwa ta sa shi ba, ba a kuma yi masa laifin komai ba. Shi ne abin nazari a nan.

Gizo

Tatsuniyoyin Gizo suna nan da yawa a tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da kuma littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. A ɗauki labarinsa da hankaki. Hankaki sun ara masa gashinsu domin ya bi su zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar ruwa. Da isarsu sai ya shiga hana su ci, duk ɗan da suka nufa sai ya ce shi ya riga ganinsa. Suka ƙwace gashinsu suka bar shi, ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada. Nan take ya ƙirƙiro dangantaka, aka karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, aka ba shi masauki, shi kuwa ya bi dare ya cinye ƙwan masu gida.

Abin lura a nan shi ne tsarin halin. Waɗanda suka taimake shi su yake fara cuta. Wahalar da ya sha a hannun hankaki ba ta koya masa komai ba, domin bai bushe daga ruwa ba ya sake sabuwar ƙarya. Matarsa Ƙoƙi ma ba ta tsira ba a sauran labarunsa. Kuma babu tatsuniyar da aka san Gizo ya zauna ya yi baƙin cikin abin da ya yi wa wani, sai dai baƙin cikin an kama shi. Tsamin bakinsa yana ba yara dariya, dariyar kuwa ita ce makaminsa, domin wanda ya ba ka dariya da wuya ka tsare masa ƙofa.

Akwai wata tatsuniya da ta ƙara fito da maganar fili, watau ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Duk samarin gari ta ƙi su, sai wani baƙo ya zo wanda babu ko ƙwarzane a jikinsa. Sai da aka kai ta gidansa ta gane ba mutum ba ne. Hikimar labarin ita ce duk ɗan Adam na gaskiya yana da tabo, wanda kuwa aka duba aka rasa aibinsa sam, a ƙara dubawa. Mayafin da Cleckley ya ambata ke nan.

Waziri

Gizo talaka ne, ɓarnarsa ba ta wuce ƙwai da ɓaure. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya nuna abin da ke faruwa idan mai irin wannan hali ya sami muƙami. Wazirin Sarki Abdurrahman ba ya cikin yunwa, ba a kuma zalunce shi ba. Sarauta yake so, haihuwar Musa ɗan Sarki kuwa ta tare masa hanya. Saboda haka ya haɗa baki da Sarkin Sinari a asirce, ya kuma shirya hallaka yaron bayan Sarki ya fita yaƙi, alhali a fada kowa yana ganinsa babban amintacce. Irinsa ake ce wa Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Ya kamata a lura da abin da ya karya makircin. Babu jarumin da ya zare takobi. Aku ne ya riƙa tsare Musa da labari dare bayan dare har lokacin hatsari ya wuce. Watau maganin mai gaggawar cuta shi ne jinkiri da lura.

Abin da Japan ta ƙara

Marubutan Ultraman sun kai ga wannan fahimta ta tasu hanyar. Wani baƙo daga wata duniya mai suna Zarab ya zo ya kawar da wani hazo mai guba, ya ce shi ɗan'uwan mutane ne, bayan an sake da shi kuma ya ɗauki kamannin Ultraman ya shiga ɓarna domin a tsani jarumin. Wani mai suna Mefilas ya fi shi ladabi. Ya ce ba ya son tashin hankali, abin da yake nema kawai wani yaro ya furta da bakinsa cewa ya ba shi duniya. Ya yi lallashi, ya yi alkawari, da yaron ya ƙi sai fuskarsa ta gaskiya ta bayyana. A shirin Ultraseven na 1967, Metron ya zuba wani sinadari a cikin taba wanda ke sa mutane su far wa juna, da nufin yarda ta ƙare a tsakaninsu, ƙasa ta faɗi ba tare da yaƙi ba. A Kamen Rider na 1971 kuwa, ƙungiyar Shocker tana sace mutane ta mai da su makamai, ta kuma yar da nata bayin da zarar amfaninsu ya ƙare.

Gudummawar Japan a nan ita ce nuna cewa abin da irin wannan mugu ke ci shi ne amana. Ba ya fasa ƙofa, buɗe masa ake yi. Bayan ya wuce kuma yakan bar mutane suna zargin juna, kamar yadda Metron ya so.

Darasi ga ɗalibi da ma'aikaci

Karin magana ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan gaskiya ne ga yawancin mutane, domin mai kunya idan ya yi ƙarya idonsa kan nuna. Amma ga mai ƙeƙasasshiyar zuciya fuska ba ta ba da labari, sai a tambayi sawunsa. Yaya ya rabu da inda ya baro? Ina waɗanda suka yi masa rana a da? Alkawari nawa ya cika? Idan aiki ya lalace, ya taɓa cewa laifinsa ne?

Daga nan ake gane hikimar wasu ƙa'idojin ofis da kan gunduri ma'aikata, kamar sa hannun mutum biyu a kan takardar kuɗi, da rubuta abin da aka zartar a taro, da binciken odita, da takardar miƙa aiki idan an yi canji. Aikin aku suke yi. Suna jinkirta mai gaggawa, suna kuma ajiye shaidar da daɗin baki ba ya gogewa. Ma'aikacin da aka ce masa ya sa hannu yanzu yanzu domin ai an san juna, ya tuna da kadan da ya karɓi Gizo a matsayin ɗan'uwa.

Sai dai akwai gargaɗi. Wannan suna na likitoci ba abin jifan abokin gaba ba ne. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta yarda a ɗora wa mutum shi ba sai ya kai shekara 18, an kuma tabbatar halin ya fara tun kafin ya cika 15, sa'an nan ƙwararre ne ke yanke hukunci. Yawancin masu laifi ba haka suke ba. Mutane ne masu kunya waɗanda kwaɗayi ko matsi ya rinjaya, kuma nasiha tana kama su. Haka nan mai taɓin hankali da ke yawo a kasuwa ba shi da alaka da wannan bayani, shi abin tausayi ne da magani.

Kammalawa

Maciji ya mutu a Kusugu, dodon talabijin ma ana kashe shi kafin rabin sa'a ta cika. Gizo kuwa ba ya mutuwa, gobe da dare zai dawo a wata tatsuniyar, kamar yadda Mefilas ya tafi yana cewa zai komo. Masu labarun sun san cewa ba a gama yaƙi da irin wannan hali, sai dai kowane zamani ya koyi gane shi. Hatsarin da ke akwai shi ne yaro ya ji tatsuniyar ya fita da sha'awar wayon Gizo, ya girma a cikin jama'ar da ke kiran mai cin amana gwani. Saboda haka aikin iyaye da malamai, a Rurum da ko'ina, bai ƙare da ƙarewar labari ba. Bayan an gama dariya, ya kamata a tambayi yaro abin da hankaki suka rasa, da halin da kada ya shiga da ya ƙirga ƙwansa.