Saɓanin Rubutun Sunaye da Matsalar Bin Salsala a Ƙasar Jabo da Tambuwal

A ɗauki misalin wani magidanci na ƙasar Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, wanda aka haifa wajen zuwan Turawa, aka raɗa masa suna Yusufu, mahaifinsa kuwa Abubakar. A takardar rabon gado ta kotun alƙali, wadda aka rubuta da Larabci, zai fito a matsayin Yusuf bn Abi Bakr. Malamin haraji kuwa abin da ya ji mutanen gari suna kiransa shi ya rubuta, wato Isuhu Garba. Da ɗansa ya shiga elementare, sai malamin makaranta ya bar sunan uba gaba ɗaya, ya liƙa wa yaron sunan gari, ya zama wane Jabo. In kuma fatauci ya kai magidancin Birnin Ƙonni ko Doso, takardar Faransawa Issoufou Boubacar za ta kira shi. Takardu huɗu ke nan a kan gida ɗaya, babu guda biyu da suka yi daidai da juna.

Wannan saɓani ba abin wasa ba ne ga jikokinsa. A kansa ake rasa gonar gado, a kansa ake ja wa mai neman sarautar gidansu cewa shi ba jinin gidan ba ne. Tun kuma da aka kafa hukumar ba da katin ɗan ƙasa a 2007, aka shigo da lambar tantancewa ta banki a 2014, harafi ɗaya kan tsayar da fanshon tsoho har sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi, domin kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba.

Tushen farko na saɓanin yana cikin al'adar Bahaushe da Bafillace. Sunan yanka daban, sunan da ake kiran mutum da shi daban. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda alkunya, suruka ba ta faɗin sunan surukinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuwa sai a sakaya a ce Baba ko Maikano ko Magaji. Kusan kowane sunan Musulunci yana tafe da 'yan rakiyarsa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, Habu da Bube. Usumanu shi ne Shehu, Manu da Mani. Abdullahi Audu ne, Ibrahim Iro, Muhammadu Mamman. A wajen mata abin ya fi tsanani, don A'ishatu kan shekara saba'in ana ce mata Indo, Hauwa'u kuma Kulu, har a wayi gari jikoki ba su san wani suna bayan wannan ba. Ga kuma karin harshen Sakkwato, wanda ke mai da f ta koma h ko hw, shi ya sa Yusufu ya zama Isuhu, Faruku ya zama Hwaruku.

Na biyu shi ne rubutun kansa. Malaman da suka riƙe alƙalami a ƙarni na 19 da Larabci suke rubuta wasiƙu da hukunce-hukunce, kuma ba kasafai suke sanya wasula ba, baƙaƙe kawai ake gani. Ko an sanya su, rufu'a ɗaya ce take tsayawa ga u da o, don haka a takarda ba a raba Jabo da Jabu. Kebbe da Kabi kuwa, in an cire wasula, kaf da ba ne suka rage ga kowannensu. Akwai wani tarko da ɗaliban yanzu suke yawan faɗawa. A rubutun Magariba, wanda shi ne na allo da na tsofaffin takardun ƙasar nan, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama. Wanda ya koyi karatu a Islamiyya da bugun Masar, in ya ga ɗigo ɗaya a sama fa zai karanta, sai Ƙasimu ya koma wani suna da ba a taɓa raɗa wa kowa ba.

Turawa kuma da kunnensu suka yi rubutu. Clapperton, wanda ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, Sackatoo ya rubuta sunan birnin; littafin tafiyarsa ta biyu kuma ya ce Soccatoo, kafin Sokoto ta zauna a takardun gwamnati, alhali masu gari Sakkwato suke faɗa. Tsafe ta zama Chafe, Kabi ta zama Kebbi, Tambuwal kuwa ana tarar da ita Tambawel ko Tambawal. Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903 an ɗauki shekaru kowane jami'i yana rubuta Hausa yadda ya ga dama. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna ba sai a shekarun 1930, kuma keken rubutun ofis bai taɓa damuwa da su ba.

Sunan iyali irin na Turawa, wanda ake gada kaka da kakanni, baƙo ne a ƙasar Hausa, makaranta ce ta kawo buƙatarsa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Raba ake ce masa a Kwalejin Katsina, daga baya ya ɗauki sunan Bello, wanda kakan mahaifinsa ne. Shehu Shagari sunansa na yanka Usumanu, mahaifinsa Aliyu, Shagari kuwa garinsu ne. Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023, sunansa na tsakiya sarauta ce, na ƙarshe gari. Saboda haka mutum biyu masu amsa Jabo a ƙarshen suna ba lalle ne su haɗa ko da kaka na bakwai ba, wa da ƙane kuwa 'yan ɗaki ɗaya suna iya fitowa da sunaye uku-uku waɗanda ba su haɗu ko a ɗaya ba.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kishiyarsa, wato a tarar da suna ɗaya a ɗauka mutum ɗaya ne. Wannan yanki yana da kyakkyawan misali. Buhari ɗan Shehu Usumanu shi ne ya zauna Tambuwal, zuriyarsa suka gaji sarautarta. Buhari ɗan Abdussalami kuwa shi ya kafa Jega bayan rasuwar mahaifinsa a 1818. Zamaninsu ɗaya, garuruwansu ba su da nisa da juna, kuma tsoho in ya ce kakansu ya zo tare da Buhari bai cika faɗin wanne ba. Haka sarautar Sarkin Kabi: akwai ta a Argungu, akwai ta a Yabo a gidan Muhammadu Moyijo, akwai ta a Jega. Yabo da Jabo harafi ɗaya ya raba su, wanda a rubutun hannun akawu mai sauri ba ya da wuyar rikicewa. Tun 1991 kuma da aka yanki jihar Kebbi daga Sakkwato, sai ga Kebbe, wadda ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, ana yawan rubuta ta da sunan maƙwabciyarta. Ko jerin Sarakunan Musulmi bai tsira ba: Abubakar Atiku na 1837 ɗan Shehu ne, Abubakar Atiku na Raba na 1873 ɗan Bello ne.

Mutanen Ayalan sun sha irin wannan fama. Akawun Ingilishi ya mai da Ó Ceallaigh ya zama O'Kelly ko Kelly, yunwar 1845 zuwa 1852 ta watsa su Amurka da Ingila inda aka ƙara jirkita sunayen, sa'an nan gobarar gidan adana takardu na Dublin a 1922 ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851. Dabarar da masu bin salsalarsu suka kama ita ce su fara gano ƙauyen da kakan ya fito, sa'an nan su karɓi kowane rubutu na sunan da ya bayyana a wannan ƙauye a wannan zamani.

Wannan dabara ta dace da ƙasar Jabo, tare da ƙari. Mai bincike zai fara da tsofaffin gida, musamman mata, waɗanda su ne suka riƙe laƙabi da kirari da labarin aure. Ga kowane kaka a nemi sunan yanka, laƙabi, sunan uba, unguwa, da sana'a ko sarauta. Shekara kuwa da abin da ya faru ake kama ta: yaƙin Satiru na 1906, yunwar 1914, ko naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1938. Daga nan sai takardu: na gadon da ke cikin adakar gida, kundin Lardin Sakkwato a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da abin da aka tara a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kowace takarda a tambayi wanda ya rubuta ta da harshen da ya yi tunani da shi, a kuma kwafe sunan yadda yake, kada a gyara shi, domin kuskuren akawu kan nuna inda takardar ta fito. Ba a yanke cewa Isuhu Garba na rajistar haraji shi ne Yusuf bn Abi Bakr na takardar gado sai uba da unguwa da zamani sun yi daidai, an kuma sami wani abu na huɗu, kamar gonar da aka ambata iyakarta a takardun biyu.