Jiƙon Irin Itatuwa Kafin Shuka

Masu lambun dashe a Hanwa sukan koka cewa sun shuka kalwa ko irin bagaruwa, makonni sun wuce ba tsiro. Dalili shi ne ɓawon yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi, alhali iri ba ya farkawa sai ya sha ruwa.

To, a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin, a bar shi awa 24. Kada a dafa, gama ba daddawa za a yi ba. Wanda ya kumbura a shuka nan take, kada ya sake bushewa. In kuwa ya yi kwanaki a ruwa, sai ya rasa iska, ya ruɓe.

Jama'a, a gwada bana kafin damina ta sauka.